Daga Kan Dala Zuwa Ƙofar Na'isa: Yini Guda Muna Karanta Birnin Kano da Ƙafa

Ranar wata Asabar ta watan Agusta mu bakwai muka haɗu a gindin Dutsen Dala tun kafin rana ta yi zafi, kowa riƙe da littafin rubutu da gorar ruwa. Malaminmu na darasin labarin ƙasa a jami'a ne ya ɗora mana aikin. Cewa ya yi mu ratsa tsohon birnin Kano da ƙafa, ban da hawa adaidaita sahu, mu zana taswirar abin da muka gani, kuma duk abin da muka tsaya a gabansa mu yi masa tambaya guda: me ya sa kake nan, ba can ba? Uku daga cikinmu a cikin badala aka binne cibiyarsu, don haka tun a hanya suke cika baki cewa ko an rufe musu ido za su kai mu ko'ina. Kaiwa kam sun kai mu. Amsar tambayar malam ce ta gagare su, kamar yadda ta gagari sauranmu da farko.

Ƙannenmu na babbar sakandare, musamman masu shirin WAEC da NECO, kun san babin nan na matsugunan jama'a. A cikinsa, ko a gaba kaɗan idan kun shigo jami'a, za ku haɗu da wani zane mai da'ira biyar, ɗaya cikin ɗaya kamar an yanka albasa a tsakiya. Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Ernest Burgess ne ya fito da shi a 1925, bayan ya nazarci birnin Shikago. A zanen nasa, tsakiyar gari ta manyan kantuna da ofisoshi ce. Da'irar da ke biye ta masana'antu ce da tsofaffin gidajen da talakawa da baƙi suke cunkushe a ciki. Daga nan sai gidajen ma'aikata, sai na masu hali, sai can bayan gari inda wasu ke kwana su shigo aiki da safe. Mun haddace shi tsaf, har mun ci maki da shi. Da shi a ka muka hau Dala, muna sa ran mu leƙa ƙasa mu ga albasar.

Ba mu gan ta ba. An sha ruwa da daddare, sama ta wanke, ana hango nesa. Abin da ke ƙarƙashinmu rufin kwano ne ya haɗe da rufin kwano, wani sabo yana ƙyalli, wani ya yi tsatsa, da ƙyar ake ganin fili a tsakani. Ta yamma ga Goron Dutse. Ta kudu maso gabas ga hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a da koriyar ƙubbarsa, kusa da shi duhuwar itatuwan Gidan Rumfa, can bayansu kuma dogon benen Gidan Ado Bayero na wajen Ƙofar Nassarawa. Matakalar dutsen mun ƙirga ta muna hawa, amma da muka isa sama kowa da adadin da ya samu, sai muka bar maganar don a zauna lafiya.

Tambayar farko a kan dutsen kansa ta faɗa. Me ya sa gari ya tsiro a nan? Masana labarin ƙasa suna raba amsar irin wannan tambaya gida biyu. Akwai mazaunin gari, wato ainihin ƙasar da aka kafa shi a kai da abin da ke cikinta. Akwai kuma matsayinsa, wato inda ya faɗo idan aka dube shi tare da sauran garuruwa da hanyoyi. Mazaunin Kano ga shi muna tsaye a kansa: tudu ne da za a hango maƙiyi tun daga nesa, akwai tama a wajen wadda ake narkarwa a sami ƙarfe, ruwa na kusa a rafin Jakara da rijiyoyi, ga ƙasar noma a kewaye. A kan dutsen nan ne labari ya ce Barbushe ya zauna, kuma masu haƙa kayan tarihi sun sami shaidar ana narkar da tama a wajen tun kusan ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda masu tarihi suke sa farkon sarautarsa a 999.

Sai dai tama da ruwa kaɗai ba za su mai da ƙauye ya zama Kano ba, don tuddai irin wannan suna da yawa a ƙasar Hausa. Matsayi ne ya yi wannan aikin. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas da Agadas a nan yake sauke kaya. Fataken goro daga Gwanja a nan suke yada zango. Hanyar Barno ta gabas a nan take gamuwa da ta Nufe da ƙasar Yarabawa ta kudu. Mazauni ba ya motsi, Dutsen Dala na nan inda yake tun fil azal. Matsayi kuwa yana juyawa, kuma kafin yamma sai da muka ga abin da juyawarsa ta yi wa birnin.

Muka gangaro muka faɗa lunguna. Nan da nan hayaniyar titi ta ɓace, sai muryar almajirai a wata makarantar allo da ƙamshin waina daga wani zaure. Lungu ya karkata dama, ya karkata hagu, ya rabu biyu, ya tsuke har sai mun bi sahu ɗaya-ɗaya. Ɗaya daga cikinmu, wadda ta taso a rukunin gidajen Kundila inda layuka suke a miƙe, ta ce ita gaskiya ba ta ga wani tsari a nan ba, kowa ya gina inda ya ga dama ne kawai. Ba ta rufe baki ba muka iso gaban wani dattijo yana zaune a kan tabarma a ƙofar zaurensa.

"Salamu alaikum, Baba, barka da hutawa."

"Wa alaikumus salam. Yauwa 'yan makaranta, daga ina haka da littattafai? Nan da kuka dosa fa ba ya ɓullewa. Gidajenmu ne a ciki, kuma duk kakanmu ɗaya."

Muka yi godiya muka juya, amma maganar ta tsaya mana. Ashe lungun da ba ya ɓullewa ba kuskuren magini ba ne, farfajiyar dangi ce. Daga nan muka fara lura cewa hanyoyin birnin hawa-hawa suke. Titi na kowa da kowa ne. Layin da ya ɓalle daga titi na 'yan unguwa ne da masu wucewa. Lungu na maƙwabta ne, baƙo yana sa ƙafa an san baƙo ne. Zaure na maigida ne da baƙinsa, daga shi sai shigifa, sai tsakar gida wadda ba a shiga sai da izini. Duk taku ɗaya da ka ƙara, ido ya ragu, sirri ya ƙaru. Ƙuncin lungun ma da dalilinsa. Don mai ƙafa da jaki da doki aka yi shi, kuma katangun da ke kusa da juna suna jefa inuwa kusan duk yini. Mun ji bambancin a jikinmu lokacin da muka sake fitowa kan kwalta.

Ba za mu yi wa lungu kwalliyar da ba tasa ba. Motar kashe gobara ba ta shigarsa, motar kwasar shara ba ta shigarsa, mara lafiya sai an tallabo shi zuwa bakin titi, kuma kwatar da ke bin tsakiyar hanya a ranar ta cika ta tumbatsa. Abokiyarmu ta Kundila ta yarda akwai tsari, amma ta ce tsari ne na wani zamani. Ba mu musa mata ba.

Sunayen unguwanni ne suka fi cika mana littafi. Wasu mun ratsa su, wasu kuma 'yan cikin badalarmu suka lissafo mana muna tafe. Madabo, kusa da Dala, unguwar malamai ce da ake danganta ta da Wangarawa, waɗanda suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Sharifai tana komawa ga zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa. Zangon Barebari sunanta ya faɗi mutanenta, haka Tudun Nufawa, haka Agadasawa. Ayagi ta Yarabawa ce tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Najeriya. Dandalin Turawa ta ba mu dariya, don biyu daga cikinmu sun ɗauka 'yan Ingila ne suka zauna a can, alhali Larabawan Tarabulus da Gadamas ake nufi, a da su ake kira Turawa. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Soron Ɗinki da Dukawa sana'a suke faɗa. Galadanci da Tudun Wazirci sarauta suke faɗa. Yola da Dambazau kuma sunayen gidajen Fulani ne da suka sami iko bayan jihadi a farkon ƙarni na 19.

Da muka jera su a takarda sai abin ya fito fili. Abu uku ne suke yanke inda mutum zai zauna a tsohon birni: asalinsa, sana'arsa, da kusancinsa da sarauta. Aljihunsa ba ya cikin lissafin. Baƙon da ya zo daga Barno yakan sauka wurin fatoma ɗan garinsu, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, in zama ya yi daɗi ya nemi fili kusa da shi. A haka unguwa take tashi, ta sami masallacinta da rijiyarta da mai unguwarta, wanda yake kai maganarta gaba har ta isa fada. Shi ya sa har yau a lungu ɗaya za ka ga gidan attajiri ya haɗa katanga da gidan mai ga-ruwa, suna sahu ɗaya a masallaci. A zanen Burgess kuɗi ne yake raba mutane da'ira-da'ira. A nan bai sami wannan damar ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta a gefen Jakara, tsakanin tsofaffin unguwannin gindin Dala da sabon gidan sarautar da ya gina ta kudu. Rumfuna ne ƙanana a manne da juna, hanya ba ta wuce faɗin mutum biyu ba, kuma kowane kaya da layinsa. Ga 'yan littattafai, ga masu turare, ga masu kayan fata, ga masu kanwa da saiwoyi, ga masu ƙwarya da ludayi. Ya kamata mu faɗa muku kuma cewa kafin zuwan Turawa har bayi ake sayarwa a kasuwar nan, don arzikin tsohon birni ba duka ne ya zo ta hanya mai daɗin ji ba.

A layin masu kayan doki muka tsaya, muka tambayi wani mai rumfa abin da ya ɗaure mana kai.

"Alhaji, don Allah, ba ka ganin da ka koma wata unguwa kai kaɗai da ka fi ciniki? Nan ga abokan gasa dama da hagu."

Ya yi murmushi ya ce, "Samari, wanda zai sayi sirdi ba ya yawon gari. Nan yake zuwa. In na tashi daga nan, wa zai neme ni?"

A cikin jimla uku ya gama mana babi guda. Masu sana'a ɗaya suna taruwa wuri ɗaya saboda mai saye ya san inda zai dosa, ya taya nan ya taya can, kuma mai kawo fata da mai ɗinki da dillali duk suna kusa. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin maganarsa. Me ya sa kowane lungu yake da mai shayi da mai kanti, amma sirdi sai an zo Kurmi? Wani Bajamushe mai suna Walter Christaller ya yi bayanin wannan a 1933. Kowane kaya yana da mafi ƙarancin masu sayen da za su riƙe mai sayar da shi, kuma yana da iyakar nisan da mutum zai yarda ya taka dominsa. Ashana kowa na saye kullum, kuma ba wanda zai hau mota dominta, don haka masu sayar da ita suna da yawa kuma a warwatse suke. Sirdi sai jefi-jefi ake saye, amma mai nemansa zai taso daga Katsina ko Damagaram, don haka masu shi kaɗan ne kuma a cibiya suke.

Mu dai misalin da ya fi zauna mana shi ne na masallaci. Na salloli biyar yana bakin lungu, taku kaɗan ne. Na Juma'a sai an haɗa unguwanni da yawa, kuma birnin ya daɗe ƙwarai yana da guda ɗaya tak. Filin Idi kuwa, irin na Ƙofar Mata, sau biyu a shekara yake tara gari. Haka abin yake a wajen lafiya, daga kemis na kan layi har zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ake kawo masa marasa lafiya daga jihohi da dama har da Nijar. Idan wannan ya fito muku a jarrabawa, ku tuna da masallacin lungunku.

Daga Kurmi muka yi kudu zuwa Gidan Rumfa, muka yi azahar a Babban Masallaci, muka zauna a filin Ƙofar Kudu inda ake jahi ranar Hawan Daushe. Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, yana nan daf. A zaune a nan muka gane inda albasar ta shige. Kasuwa da fada da masallaci su ne zuciyar birnin, manyan masu sarauta da malamai da attajirai suna kewaye da su, gonaki kuma suna can gefe wajen badala. Wato masu hali a tsakiya suke, akasin Shikago. Dalilin ba boyayye ba ne: a garin da kowa da ƙafa yake tafiya, kusa da cibiya shi ne wuri mai daraja. Wani masani, Gideon Sjoberg, ya rubuta a 1960 cewa haka biranen da suka girma kafin zamanin masana'antu suke. Zariya da Katsina haka suke, Fas ta Maroko ma haka take.

A hanyarmu ta zuwa Ƙofar Mata muka ci karo da abin da ya fi tsaya mana a rai a yinin. Wani lungu ne da ruwan daren jiya bai gama janyewa ba. Yara suna ta kwarfe ruwa daga zaure da robobi, an shanya katifu a kan katanga, ga layin danshi a jikin bango ya kai gwiwa. Wata dattijuwa na tsaye a bakin ƙofa, muka yi mata jaje.

"Sannu Inna, ya aka ji da ruwa? Allah ya kiyaye gaba."

"Amin, 'ya'yan nan. Da can ai ba ya shigo mana. Kududdufin baya yake tafiya."

Muka zagaya bayan. Babu kududdufi. Shaguna ne a jere da wani sabon gidan bulo.

Sai muka yi wa kududdufin da babu shi tambayar malam. Me ya sa yake nan a da? Tsohon birnin Kano da ƙasa aka gina shi. Mai gini yana haƙar ƙasa kusa da inda zai yi gida, ya kwaɓa, ya yi tubali. Ramin da ya bari shi ne kududdufi. Unguwa tana ƙara gidaje, raminta yana ƙara faɗi, damina ta zo ruwan rufi da na lungu ya gangara can ya kwanta, ya riƙa tsotsewa cikin ƙasa a hankali yana ciyar da rijiyoyi. Gari yana girma yana haƙa wa kansa wurin ajiye ruwa, ba tare da wani injiniya ya zana ba. Da bulo da siminti suka zo, aka daina bukatar ƙasar unguwa, sai ramin ya zama kamar ba shi da aiki. Ga shi kuma fili a cikin birni ya yi tsada, tsadar da ta sa zauruka da yawa na bakin titi suka koma shaguna, domin shago yana iya biyan abin da ɗakin kwana ba zai biya ba. Sai a fara zuba shara a ramin, shekara kaɗan ya cike, a daddaɓe, a yanka, a sayar. A lokaci guda kuma rufin kwano da daɓen siminti sun hana ƙasa shan ruwa, duk abin da ya zubo gudu yake yi. Ruwa ya ƙaru, mazauninsa ya ragu, sai ya shiga ɗakin Inna.

Mun yi gardama a kan wannan har muka kusa ɓata. Ɗaya daga cikin 'yan cikin badala ya ce mu daina yi wa kududdufi waƙa, shi ya taso kusa da guda: sauro ne, wari ne, kuma ba a rasa labarin yaron da ya faɗa bai fito ba. Gaskiyarsa ce. Mu ma ba cewa muke a bar su yadda suke ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne, duk wanda zai cike kududdufi, hukuma ce ko mai kuɗi, ya fara nuna inda ruwan zai koma, ya gina masa hanya, kafin ya aza bulo na farko.

Marinar Ƙofar Mata ba mu daɗe a cikinta ba. Allon bakin wurin ya ce tun 1498 ake rini a nan, kuma har yanzu akwai masu tsoma zane a baba, sai dai ramukan da suka bushe sun fi masu aiki yawa. Muka fita ta ƙofar, muka tsaya muna kallon gabas, inda motoci da 'yan dako suke tururuwa zuwa Kantin Kwari.

A nan ne maganar matsayi ta dawo. A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. A 1911 layin dogo ya iso, kuma ba a cikin badala aka yi tashar ba, a waje aka yi ta, ta gabas. Cinikin da yake kallon arewa wajen hamada ya juya yana kallon kudu wajen teku. Gyaɗa da fata suka bi jirgi, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha, aka fara jera dalar gyaɗa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Turawa suka zauna a Nassarawa cikin manyan filaye da itatuwa, kuma dokarsu ta ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Fagge, wadda tun kafin Turawa zango ce ta baƙi a bakin birni, ta cika ta batse, 'yan kasuwar Labanan suka kafa kantunan yadi a Kwari. Daga baya masana'antu suka tashi a Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa. Cikin shekaru kaɗan cibiyar hada-hadar kuɗi ta fice daga Kurmi ta koma wajen badala, kuma a sabon garin nan launin fata da aljihu ne suka riƙa yanke inda mutum zai zauna.

Kano ta yau ba ta da zuciya ɗaya. Hatsi Dawanau, yadi Kwari, kayan masarufi Singa, kayan gini Ƙofar Ruwa, kayan miya 'Yankaba, kowace kasuwa ta ja unguwanni da tashar mota ta kewaye kanta da su. Wasu masana biyu na Amurka, Harris da Ullman, sun kawo zanen birni mai cibiyoyi da yawa a 1945, kuma shi ya fi kama da abin da muka gani, ko da yake shi ma bai san da badala ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin a kan 30,000. Yanzu ana maganar sama da miliyan 4 a birni da kewaye. Tsohon birnin kansa ya rabu tsakanin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, gari kuma ya bi hanyoyin Zariya da Katsina da Haɗeja da Gwarzo ya bazu cikin Kumbotso da Ungogo. Ruwan sama dai bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Bayan la'asar muka bi gefen badala ta kudu, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Sabuwar Ƙofa, zuwa Ɗan Agundi. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar, tsakanin 1095 da 1134, Rumfa ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Abin da ya ba Barth mamaki shi ne gidaje wani ɓangare kawai suka ci na filin da ta kewaye, sauran gonaki ne da makiyaya. Magabata sun kewaye gona da katanga ne don in maƙiyi ya yi wa gari zobe a sami abin ci, kuma filin ya zama ajiya ga 'ya'ya da jikoki. Mu ne jikokin, kuma mun cinye ajiyar. A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare, kuma kowace tana kallon wata hanya: Kabuga ta nufi Gwarzo, Dawanau ta nufi Bichi da Katsina. A da ta ƙofofin nan jakuna suke shigowa da itace da hatsi, su fita da takin birni zuwa gonakin karkara. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan musaya tun shekarun 1960, ya nuna yadda birni da karkararsa suke ciyar da juna.

Tun 2007 sunan ganuwar Kano yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Abin da muka gani da idonmu kuwa, a wani wurin tudu ne ya zube awaki suna kiwo a kai, a wani wurin an yanke ta an kafa shago, a wani wurin kuma sai ɗan cikin badala ya nuna mana da yatsa ya ce nan ta bi. Ramin da ke bayanta, inda aka ɗebi ƙasar gina ta, shi ma yana ɗaukar ruwan damina, kuma shi ma ana ta cike shi. Ƙofar Na'isa da muka ƙarasa gare ta daf da magariba ba ta asali ba ce, an rushe tsohuwar a 2010 don faɗaɗa titi aka gina wannan.

A nan ƙafa ta ce ba ta san zance ba, muka karya dokar malam muka tare adaidaita sahu biyu. Washegari muka haɗu a ɗakin karatu don zana taswirar. Malam ya ce inda ganuwa take tsaye a ja layi, inda aka san ta bi amma babu ita a yi ɗigo-ɗigo, kududdufin da aka cike kuma a sa masa alamar giciye. Muka sa 'yan cikin badala uku suka zauna suna tuno kududdufan da suka sani suna yara, kowa na faɗar na unguwarsu. Yawancin waɗanda suka tuno sai da muka sa musu giciye, kuma a gefen da muka taka na ganuwar, ɗigo-ɗigo ya fi layi tsawo.